Tunda na koma sabon shago kaina ya daina kawo zane, wai wuri yana da hannu ko ni ne?

Tela_Mai_Aska:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya, kuma kar a yi min dariya don abin ya fara damuna sosai.

Ni tela ne, aikin wuya da surfani shine ɓangarena, shekara 11 kenan ina ciki. Ba yabon kai ba amma a layinmu in ana maganar sabon zane ni ake nema, akwai wani aikin wuya da na fitar wata ƙaramar sallah sai da na dinga ganinsa a jikin mutanen da ban taɓa yi musu ɗinki ba, teloli sun kwafa sun bazu da shi. To duk wannan a wani ɗan tsukukun shago na yi shi, keke uku da teburin yanka ɗaya, in yaro zai wuce sai na ɗaga gwiwa. Rufin kwano ba silin, damina in ta faɗi muna da bokiti biyu da kowa ya san inda ake ajiye su. Damanmu wani dattijo ne ɗan Barno mai ɗinkin hula, hagu mai gyaran waya, gaba kaɗan mai walda da ke ƙera ƙofofi da tagogi, ga mai shayi a bakin layi. Bangon shagon kuwa ba a magana duk na ɓata shi da alli da fensir, in zane ya faɗo min ina tsakar aiki miƙewa kawai nake na zana a bango kafin ya gudu, wani wurin na kafa ƙusa na rataye ƙyallen da na gwada zare a kai.

Allah cikin ikonsa ya buɗa, bayan babbar sallah na kama shago a wata sabuwar filaza, hawa na biyu, tayil, silin POP, gilas tun daga sama har ƙasa, esi, sola, komai tsaf tsaf. Kwastoma in ya shigo sai "masha Allah oga an haye". Amma wallahi tallahi wata biyar kenan ban fitar da sabon zane ko ɗaya da zan kalla na ji raina ya yi fari ba. In zauna da takarda da fensir shiru kake ji, can sai na tsinci kaina a Instagram ina kallon na wasu, ko na ɗauko tsohon zanena na canza masa kalar zare nace sabo ne. Hannu lafiya, ido lafiya, aiki ma ya fi fita da tsafta fiye da da, kan ne kawai kamar an sa masa kwaɗo.

Mai ɗakina tace baki ne in je a yi min addu'a, kuma na je. Wani abokina yace daɗi ne ya yi min yawa wai yunwa ce ke kawo basira. Ni kuma zuciyata tana ce min shagon ne, amma duk sanda na faɗa sai na ji kamar na yi wa Allah butulci. Akwai wanda irin haka ta taɓa samunsa? Da gaske wuri yana iya buɗe wa mutum kai ko ya toshe shi, ko camfi nake?

Dan_Fagge:

Hhhhh oga kudin haya ne ya zauna maka a ka ba wani abu ba. Wanda yake lissafin na shekara mai zuwa da na gadi da na shara ina zai samu wurin aje zane a kansa. Kawo mukullin mu rike maka ka koma wajen bokitinka.

Magini_Samaru:

Wa alaikumus salam. Malam tela ba camfi kake ba, kuma wanda ya lura da abinda ke damunsa bai yi butulci ba. Ni zanen gine-gine na karanta a Zariya, ina karanta labarinka ina murmushi ni kaɗai don akwai wani gini da ake yawan kawo misali da shi a fanninmu, kamar shagonka na da aka kwatanta sai dai shi a Amurka yake.

A 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, jami'ar MIT tana aikin na'urar hango jiragen sama daga nesa, ma'aikata sun yi yawa wuri ya yi kaɗan, sai aka buga wani gini na katako hawa uku cikin gaggawa. Ko suna ba a raɗa masa ba, lamba kawai, Gini na 20. Niyyar ita ce da yaƙi ya ƙare a rushe shi. Malam ba a rushe ginin nan ba sai 1998, shekara 55 yana tsaye. Kuma mummuna ne na gaske, yana yoyo, lokacin zafi ya gasa ka lokacin sanyi ya ƙame ka, bango siriri kana jin tarin maƙwabcinka, lambobin ɗakunan a hargitse har wanda ya saba sai ya ɓata ya faɗa ofishin da ba nan ya nufa ba. Bayan yaƙi sojoji suka dawo karatu ɗalibai suka cika jami'a, sai aka mayar da shi kamar ɗakin tarkace, duk sashen da aka rasa inda za a kai shi a tura shi can. Masu nazarin harshe, masu lantarki, masu binciken sauti, ofishin horar da ɗalibai aikin soja, ƙungiyar samari masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa, har da mai gyaran fiyano, duk a lungu ɗaya.

To ka ji abinda ya fito daga wannan kangon. Noam Chomsky da ya juya ilimin harshe gaba ɗaya a nan ofishinsa yake shekara da shekaru, shi da Morris Halle. Amar Bose wanda ya kafa kamfanin sifikar Bose, a 1956 ya sayi kayan sauti masu tsada bai ji daɗin ƙararsu ba, ɗakin binciken sauti na ginin nan ya dinga yi wa zarya har abin ya zama sana'a. Rainer Weiss da ya ci kyautar Nobel a 2017 shi ma a nan ya yi aiki. Samarin nan masu jirgin ƙasa na wasa, daga haɗa wayoyin da ke sarrafa layin jirginsu suka faɗa harkar kwamfuta suna cikin na farkon da suka mayar da ita abin ƙirƙira. Amma wanda ya fi burge ni shine Jerrold Zacharias, yana haɗa agogon atom, wato agogon da ke auna lokaci da motsin ƙwayar zarra, na'urar ta fi ɗakinsa tsawo, kawai sai ya sa aka fasa daɓen hawa biyu da ke samansa na'ura ta miƙe.

Ka gane inda na dosa ko? Shi ya fasa daɓe kai ka zana bango da alli, duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ginin da ba mai jin tsoron ɓata shi, shi ke biyo aikinka, kana son waya ta ratsa ta bango ka ɗauko abin huji ka huda ba sai ka rubuta wa wani ofis takarda ba. Gini mai kyau kuwa kai ke yi masa biyayya. Ina tambayarka tsakani da Allah, tunda ka shiga filazar nan ka taɓa kafa ƙusa ɗaya?

Na biyu maƙwabta. Hausawa sun riga kowa faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni ina kyautata zaton wasu lanƙwasar da ke cikin zanen wuyanka daga tagogin mai waldan nan suka shiga idonka ba tare da ka sani ba, wasu daga hulunan dattijon. Akwai wani malami a MIT ɗin dai, Thomas Allen, a shekarun 1970 ya auna yadda injiniyoyi ke magana da juna a wuraren aiki, ya gano wanda ke zaune mita 2 da kai kun fi yin magana a kai a kai kusan ninki huɗu a kan wanda ke mita 20, wanda yake wani hawa daban kuwa kusan kamar ba a gini ɗaya kuke ba. Kai yanzu hawa na biyu kake a bayan gilas. Wanda zai hau benen nan sai mai ɗinki ko mai bin bashi, ba mai hawa don ya ce maka "kai wannan tambarin ya yi girma".

Af na manta, inda aka rushe Gini na 20 an gina wani ƙasaitacce da Frank Gehry ya zana, an buɗe a 2004, kuɗinsa wajen dala miliyan 300. A 2007 jami'ar ta kai Gehry kotu, cikin ƙorafin har da yoyo. Ka ga bokiti bai bar wurin ba.

Tela_Mai_Aska:

Kai injiniya Allah ya ƙara basira, wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Wancan zanen da nace an kwafa, yanzu da ka faɗa na tuna, wata taga ce mai walda ya jingine a jikin bangonmu kusan sati biyu mai ita bai zo ya ɗauka ba, kullum da la'asar inuwarta tana faɗowa a kan teburin yanka. Ban taɓa haɗa su ba sai yau.

Maganar ƙusa kuwa a takardar haya ma an rubuta ba a huda bango ba a liƙa komai a gilas. Kalanda ma a ƙasa take na jingine ta. Yarana in guntun zare ya faɗi a tayil ni da kaina nake musu tsawa su share, alhali a tsohon shago sai ƙyallaye sun kai idon sawu muke kwashewa, kuma sau nawa ina ganin kala biyu sun haɗu a ƙasa haka kawai na ce kai wannan da wannan za su tafi.

Uwar_Biyu:

Sannunku. Malam Magini bayaninka ya yi daɗi amma ka yi haƙuri ni ban yarda da shi duka ba, don kamar kana cewa sai da cunkoso da hayaniya basira ke zuwa, to mu mata ina za mu sa kanmu? Mu ba mu da majalisa ba mu da teburin mai shayi ba mu da dakalin ƙofar gida, amma ku duba yawan matan da ke rubuta littafi a waya yau ana rububinsa a guruf guruf na WhatsApp, daga ina nasu yake fitowa?

Ni ina rubutu shekara 6 kenan kuma ina aikin ofis. Abinda na lura da kaina abu biyu ne daban kuma kowanne da wurinsa. Akwai inda labari ke faɗo min, akwai inda nake iya zaunar da shi. Faɗowa kam a tsakar gida ne, ina wanke-wanke ko ina tsince shinkafa a faranti, hannu yana aiki kai yana yawo, ko gidan biki in na zauna gefe ina jin yadda facaloli ke jifan juna da habaici suna dariya kamar ba komai, ko a adaidaita wata tana waya da mijinta ni ina kwasa. Amma in na tashi rubutawa ko motsin cokali bana so. Kar ku yi dariya, a sito nake rubutu, kan buhun masara, bayan sallar asuba kafin 'yan biyu su tashi, ƙofa a rufe ga warin daddawa. Maigida ya saya min tebur da kujera mai juyawa ya sa a ɗaki, wallahi kayan guga nake tarawa a kai.

Kuma a ofis ɗinmu na ga ƙarshen wannan ra'ayin na a haɗa mutane wuri ɗaya. Wani sabon oga ya zo yace bangwayen nan su ke hana haɗin kai, aka ciccire aka jera mu a fili ɗaya kamar 'yan jarrabawa. Sati biyu ba a yi ba kowa ya toshe kunne da iyafis, wadda ke kusa da ni ma saƙo take turo min a waya maimakon ta juyo, don duk abinda ka faɗa mutum 20 sun ji. Daga baya na ga ashe an yi bincike a kai, wasu malaman Harvard a 2018 sun bi manyan kamfanoni biyu da suka cire bangwaye haka, maganar baki da baki ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, imel da saƙonni suka ƙaru. To ka ga ba tara mutane ba ne kawai. Shi ginin naka na MIT ai kowa da ɗakinsa da ƙofarsa ko? a lungu suke haɗuwa in sun ga dama su koma su rufe.

Don haka malam tela ni shawarata kar ka yar da sabon shagonka, wurin zaunar da zane ne ka samu mai kyau, wurin tsinto shi ne ka baro.

Baba_Tsohon_Hedimasta:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke danna min ina faɗa masa, in an ga kuskure nasa ne.

Yarinyar nan ta yi magana, kuma abinda take kwatantawa ai kakanninmu sun gina shi da ƙasa tun tuni, sunansa zaure. Ku da kuka tashi a gidan get ba za ku gane ba. Zaure ba waje ba ne kuma ba cikin gida ba ne. Ƙofar shiga da ta wucewa ciki ba sa kallon juna, don haka iyali a suturce suke, amma mai wucewa yana iya sallama ya tuɓe takalmi ya zauna ba sai an gayyace shi ba, in maigida yana son kaɗaici ya tashi ya shige soro na biyu ko turaka ba wanda zai bi shi. A zaure ake karatu, a zaure ake sulhu, a zaure ake sana'a.

Kai ɗana tela, sana'ar nan taka a nan aka yi mata wanka. Surfanin babbar riga aikin malamai ne da manyan almajirai, gardi ya gama darasi ya ɗauko riga yana ɗinki yana tilawa. Mai zane da alƙalamin kara da tawada yake fitar da aska takwas da tambari a jikin yadi, hannun da ya saba zayyanar allo shi ne ke zana riga, shi ya sa in ka duba sosai za ka ga suna ɗiban kama. Ni na ga wannan da idona a zauren kawuna, yana zane ana ta shigowa, wannan yace askar nan ta karkace, wancan bafataken yace a Bida ga yadda suke yi, ya yi shiru kamar bai ji ba gobe sai ka ga ya gyara.

Sannan ku daina raina ginin ƙasa. Azara daga giginya ake fasa ta, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ɗaukar rufi fiye da kamar ƙafa 6, to wannan ƙarancin shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗora azara kan azara tana lanƙwasa har ɗaki ya yi faɗi ya yi sama. Duk wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu ya ɗaga kai ya san abinda nake faɗa. Soro mai kaurin bango da rana tsaka sanyi gare shi kamar randa, murya ba ta amsa-kuwwa, haske ta 'yar taga yake shigowa ba ya kashe ido. Na koyar shekara 35, na koyar a ajin ƙasa na koyar a ajin bulo da kwano. A na kwano da ƙarfe 12 ta yi a watan bazara ba yaro ba ko ni malamin kaina ya daina aiki, sai a yi ta "ku maimaita" har a tashi.

Yanzu an yi gida ba zaure, baƙo a mota yake kiranka ka fito ku gaisa a tsaye. Allah ya kyauta.

Ɗan_Tawa:

Baba Allah shi ƙara girma, gaskiya kunka hwaɗi. Mu nan jihar Tawa muna da masallacin Yaama, wani magini Falke Barmu ya gina shi, manomi ne bai yi lakwal na zanen gini ba. An aza shi 1962 amma ba a lokaci guda anka ƙare ba, shekara 20 ana ƙara mishi, anka sake rufi anka yi mishi ƙubba, daga baya anka tada hasumiya huɗu kuma ko wace da kamarta babu wadda ta yi kama da 'yar uwatta. 1986 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Abin da nika so in ce, laka tana barin mutum shi sake shawara, bana ka ɗora baɗi ka ga bai yi ba ka jiƙa ka gyara, siminti ko in ya sha iska magana ta ƙare sai guduma. Wanga shi ne maganar ƙusa da injiniya ya yi.

Kuma a Dandaji tsohon masallacinsu na ƙasa da anka so rushewa, mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta sunka maishe shi ɗakin karatu anka gina sabo kusa da shi, 2018. Yara na shiga karatu cikin sanyi ba esi, ga zahin Tawa kun san shi.

Makerin_Panteka:

Ni fa ku bari na ɓata muku hira kaɗan. In yoyo ne ke kawo basira da makarantun firamarenmu sun cika da Nobel. Ginin nan na Amurka da ake ta yabo, su waye a ciki? Mutanen da aka tato daga duk duniya, ga kuɗin gwamnati na bincike yana zuba, ga wuta ba ta ɗaukewa. Irin waɗannan ko a ƙarƙashin darbejiya ka zuba su sai sun yi abu. Kangwaye nawa ne a duniya masu yoyo da ba abinda ya fito cikinsu sai ɓera? Kar mu zo mu mayar da wahala ado, wanda ke cikin shagon kwano da zafin Afrilu ba ƙirƙira yake tunani ba, ruwan sanyi yake tunani.

Amma maganar maƙwabta na yarda da ita ɗari bisa ɗari don a cikinta nake. Mu a Panteka nan Kaduna in injin markaɗe ko na casar masara ya gagare ni, ba littafi nake buɗewa ba, taku goma zan yi na samu mai juya ƙarfe, gaba mai naɗin kwayil, gaba mai zubin alminiyom, kowa ya tofa nasa kafin azahar an samu mafita, wani lokacin ma yaron shago ne zai faɗi abinda mu manyan ba mu hango ba. Ka ɗauke ni ka kai ni wani katafaren wuri ni kaɗai rabin sanina ya zauna a kasuwa.

Sai dai oga tela akwai abinda ba ka faɗa ba kuma ina zarginsa. A tsohon shago kai ke kan keke. Yanzu fa? Na ci amana in ba a kujera kake ba kana karɓar kwastoma kana duba alat kana rabon aiki. Da kafa kake zuwa shago ko yanzu an sayi mota? Ba wasa nake ba, a jami'ar Stanford 2014 sun gwada mutane a zaune da kuma suna tafiya, masu tafiya sun fi kawo sababbin dabaru da kusan kashi 60 cikin 100, kuma abin mamakin har wanda aka ɗora a injin tafiya na motsa jiki yana kallon farin bango abin ya yi masa aiki. Kenan wani lokacin ba bangon ba ne, zaman ne.

Magini_Samaru:

Hhhh maƙeri ka kama ni, maganar firamare ta zauna. Na yarda, yoyo da zafi ba su taɓa ƙara wa kowa komai ba, mutanen Gini na 20 sun yi abinda suka yi ne duk da yoyon. Abinda nake riƙe da shi biyu ne kawai, ikon taɓa wurin da kuma wa kake karo da shi a hanya. Hajiya Uwar Biyu ke ma kin yi gaskiya, kowa da ƙofarsa a can, kuma abinda Baba ya faɗa na zaure ya fi duk misalina dacewa, kunya ma na ji da na tsallaka teku na baro shi a gida.

Ƙari ɗaya kan hayaniya tunda an taɓo ta. Akwai gwajin da aka buga a 2012, an sa mutane aikin da ke son dabara a cikin ƙara mataki uku, desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 50 da 70 da 85. Na 70, wato kamar hayaniyar wurin shan shayi da mutane ke hira sama sama, su suka fi. Na 85 abin ya lalace, wannan kamar janareto ne a kusa da kai ko mai walda in ya kunna abin yankan ƙarfe. Don haka tsit ɗin esi bai cika taimaka wa mai neman sabon abu ba, amma ƙarar da ta hana ka jin tunaninka ta fi shi sharri. Ni ban ɗauki irin gwajin nan kamar aya ba, mutane kaɗan ne a ɗaki na ɗan lokaci, sai dai in ya zo daidai da abinda tela da marubuciya da maƙeri suka gani a jikinsu to a saurara masa.

Tela_Mai_Aska:

Jama'a na dawo bayan sati uku, na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Baba na gode Allah ya ƙara lafiya, a gaida jika mai danna waya.

Maƙeri ka harbe ni a inda ya dace, rabona da zama kan keke na yini guda tun kafin na tare, kuma e an sayi 'yar mota. Ga abinda na yi. Na sayo falle biyu na filawud na sa aka shafa musu baƙin fenti na jingine a bango tunda an hana ƙusa, yanzu su nake ɓatawa da alli, ƙyallaye kuma na samu kwando na ce kar wanda ya zubar sai ranar Alhamis. Na karɓe keke ɗaya daga hannun yara na jawo shi bakin ƙofa ina barinta a buɗe da safe kafin rana ta yi zafi. Bayan la'asar kuma ina ajiye mota na taka da ƙafa zuwa tsohon layi, minti 25 ne, na sha shayi na zauna wajen dattijo mai hula. Ranar farko da ya gan ni cewa ya yi "a'a, mutanen sama an sauko?" ya matsa min a benci kamar jiya na tashi.

Ban ce na warke ba, har yanzu zanen da zan yi alfahari da shi bai fito ba. Amma akwai rabin wani a jikin allon, daga saƙar wani kwandon mai goro na ɗauko shi, gefen dama ya zauna na hagu ya ƙi, kwana huɗu ina gogewa ina sakewa kuma wallahi daɗin wannan gogewar nake ji don na manta rabon da zane ya hana ni barci.

Matsalar yanzu kiyateka ne, na ajiye benci a baranda don masu zuwa hira yace yana ɓata tsarin filaza sai na ɗauke, muna nan muna ja. Sannan in akwai wanda ya san mai ɗinkin hula ko mai aikin hannu da ke neman wurin zama a cikin gari ya yi min magana ta inbos, akwai kusurwa ɗaya kusa da taga ba sai ya biya haya ba, sharaɗin kawai ya zama mai surutu kuma wanda in ya ga aiki bai yi ba zai faɗa min a fuska.